Tayin Mai Kwalekwale a Allon Fanar

Iskandariya, Nuwamba 1995

Ƙanena Midhat,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da matarka Rasha da yara. Ina fatan zafin Maskat ya sassauta muku. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi, sai gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwan hunturu tun kafin rediyo ya faɗa.

Baba kuwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba, yana nan yadda ka bar shi bayan rasuwar Mama, ko ma ya fi haka. Daga gado sai darduma, daga darduma sai gado. Ba ya fitowa falo, ba ya zama kan tebur. In na kai masa abinci ya yi cokali biyu ya ture, ya juya fuskarsa bango. Likita ya duba shi sama da ƙasa ya ce, "Madam Suhair, ba shi da ciwon da zan rubuta wa magani. Ku nemo abin da zai tayar da shi, in ba haka ba a kwance zai ƙare." Mutumin da ya shekara talatin yana tsawa a kan jirgin ruwa mai jan jirage, ana jin muryarsa daga wancan ƙarshen tashar, yau sai na kasa kunne kafin in ji amsar sallamarsa. Abin yana cin raina ƙwarai.

To, bari in share hawaye in ba ka labari mai daɗi. Kwamfutar da ka aiko ta iso! Hamdi ɗan Kawu ne ya hauro da ita yana nishi sai ka ce raƙumi ya ɗauko. Ka ce don in riƙa shirya jarrabawar ɗalibaina, na gode. Amma ƙaramin akwatin nan da ka cusa a gefe, modem, shi ne ya tafi da hankalina. Mijin abokiyar aikina, Injiniya Wagdi, ya zo ya haɗa shi da tarho. Ka san ramin tarhonmu yana ɗakin Baba tun zamanin da ake kiransa daga tasha, saboda haka dole can muka girke ta, kusa da gadonsa. Bai ce a'a ba.

Midhat, ashe akwai wata duniya a cikin wayar tarho! Wagdi yana da kwamfuta a gidansa a Ibrahimiya, ya sa mata suna Fanar. Sai tawa ta kira tasa, akwatin ya yi ta ƙara kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya, can sai ga rubutu yana saukowa. Allo ne na saƙonni, an raba shi zaure-zaure: na ƙwallo, na girki, na masu gyaran mota, na masu neman rigima kawai. Kowa ya rubuta nasa ya tafi, gobe ka dawo ka tarar an amsa maka. Layi ɗaya ne, sai wani ya sauka kake shiga, kamar layin burodi. Kuma kullum da safe kwamfutar Wagdi takan kira ta Alƙahira da ta Tanta da ta Mansura su yi musayar saƙonni. Na tambayi yadda ake cire tabon shayi daga farin mayafi, mutum biyar suka amsa, biyu daga cikinsu har yanzu suna faɗa a kai!

Ina karanta wa Baba saƙonnin da ƙarfi ko da bayansa nake gani. Yaushe za ka zo?

Yayarka,
Suhair

*

Maskat, Disamba 1995

Abla Suhair,

Yayata, na sami wasiƙarki, na kuma ji daɗin ganin hannunki. Muna lafiya, ɗana Karim ya yi mura ya warke. Ki shafa wa gwiwar man zaitun mai ɗumi kamar yadda Mama take yi.

Labarin Baba ya hana ni sukuni. Ki matsa wa likitan ya sake gwajin jini, ki kuma riƙa yi masa romon kifi, ba ya ƙin sa.

Ita kuma kwamfuta, Abla, don aiki na aiko ta. Na san halinki, in kika sami abin surutu ba ki san tsayawa ba. Mutanen nan ba ki san su ba, ba ki san iyayensu ba. Kada ki ba kowa sunan gidanmu. Kuma ki tuna duk lokacin da kike ciki, tarho a toshe yake. Juma'ar da ta wuce na kira har na gaji.

Aiki ya yi mana yawa a sabon titin da muke yi, amma ki gaya wa Baba ina nan tafe da ƙaramar Sallah, in sha Allah.

Ƙaninki,
Midhat

*

Iskandariya, Janairu 1996

Midhat!

Lafiyarmu ƙalau, ina fatan ku ma haka, ka gai da kowa. Ka yafe mini gajarta gaisuwa, bakina cike yake da magana.

BABA YA YI TSAWA!

Tsaya ka ji. Ranar Talata bayan la'asar ina zauren girki ina karantawa da ƙarfi kamar kullum. Sai ga saƙo daga wani mai kiran kansa Likitan Tanta. Wai fesikh guba ne, wai ruɓaɓɓen kifi ne da aka binne a gishiri, wai duk shekara ranar bikin bazara na Shamun Nasim asibiti cika yake saboda shi, ya kamata a hana shi gaba ɗaya. Ban kai ƙarshe ba na ji gado ya motsa. Na waiwaya, sai ga Baba a zaune, idanunsa jawur.

"Wa ya faɗi haka?"

Na ce, "Wani likita ne a Tanta, Baba."

"Tanta! Mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai a kalanda? Rubuta masa. Ki ce matata ta shekara arba'in tana yin fesikh da hannunta, ko ciwon ciki ba wanda ya taɓa yi. Ki ce masa ya tsaya kan alewar garinsu."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na rubuta yadda ya faɗa, sai dai na cire wata kalma guda da ba ta dace da gidan mutunci ba. Ya ce in sa hannu da Rayyis, sunan da ma'aikatan jirginsa ke kiransa.

Washegari tun kafin in ajiye jakar makaranta ya ce, "Ya amsa?" Na ce sai saƙon ya je Tanta ya dawo. Ya ce, "Matsoraci." Da amsar ta zo kuwa, likitan nan ya yi masa tatas: wai shekara arba'in ba hujja ba ce, sa'a ce. Baba ya cika ya yi fam. Ya ce in tashi daga kujerar, wai ina tausasa maganarsa. Yanzu da kansa yake bugawa, da yatsa ɗaya, Larabcinmu da baƙaƙen Turawa waɗanda ya saba da su a tasha. Layi guda yana ɗaukarsa tsawon dahuwar shinkafa, yana yi yana zagin madannan.

Zauren ya rabu biyu, 'yan Rayyis da 'yan Likita. Akwai wani Abu Gamba da ke goyon bayan Baba ko me ya ce, da wata Bint Bahari da ke zuga kowa. Jiya Baba ya yi kuskure kan watan da kifin buri, wanda ake fesikh da shi, ke ƙiba, likitan ya kama shi dumu-dumu, ya wuni yana huci. Amma yana hucin yana cin burodi da cuku, bai ma san yana ci ba. Na ajiye farantin kusa da hannunsa na yi kamar ban gani ba.

Har yanzu bai fito falo ba. Amma Midhat, na ji muryar ubanmu. Allah ya saka maka da alheri da wannan akwati mai kukan kyanwa.

Yayarka mai murna,
Suhair

*

Iskandariya, Fabrairu 1996

Midhat, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. A tsaye nake rubuta wannan, maƙwabcinmu Usta Fathi zai tashi zuwa Maskat yau, ga shi a bakin ƙofa yana kallon agogo. Ga kahk, biskit ɗinmu na Sallah, a gwangwani, na yara ne, kada ka cinye.

Mun sa ido ba mu gan ka ba. Baba har ya sa na guge masa farar jallabiyarsa.

Rigimarsa da likita ta ƙara zafi, yanzu ba ya jin maganar kowa. Ba ya barin ɗakin ko kaɗan, jiya har hannunsa ya ƙage. Ni kaina ba na samun kusantar wurin. Sauran bayani yana cikin waccan wasiƙar.

Suhair

*

Maskat, Fabrairu 1996

Abla,

Usta Fathi ya kawo saƙo, mun gode. Muna lafiya. Amma ni hankalina ba a kwance yake ba.

Wace wasiƙa? Ban ga wata wasiƙa ba tun ta Nuwamba. Abin da ke hannuna layi huɗu ne, kuma kowanne ya fi na gabansa tayar da hankali. Baba yana rigima da likitansa? Ya daina shan magani ke nan? Hannunsa ya ƙage, wane hannu, na hagu? Kin san abin da wannan ke nufi ga mai shekarunsa? Kuma ke da kanki kin ce ba ya barinki ki kusance shi!

Na yi ta kira safe da yamma, layi a toshe. Ubanmu yana kwance yana ƙarewa, ke kina can kina hira da mutanen da ba ki taɓa gani ba. Ki yi haƙuri, ke babba ce, amma dole in faɗa. Ni na kawo wannan fitina gidan, ni zan fitar da ita. Na yi waya da Hamdi, zai zo ya cire akwatin ya tafi da shi. Kada ki hana shi.

Ban samu zuwa ba saboda an hana hutu sai an gama gadar sabon titin. In an gama ina nan tafe.

Midhat

*

Iskandariya, Maris 1996

Ƙanena mai gaggawa,

Muna lafiya, Baba lafiya, hannunsa lafiya. Na dama ne, kuma yatsa ɗaya ne, ya ƙage ne don yawan buga madannai! Likitan da yake rigima da shi ba ya duba shi, ko ganinsa bai taɓa yi ba, a cikin allo suke faɗa kan fesikh. Na rubuta maka duk wannan a Janairu, ka bincika ofishinku. Maganar da ka gaya mini ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ni ce ke wanke masa kaya, ni ce ke ƙirga cokalin da ya kai baki. Amma na yafe, domin ka yi mini aikin da na kasa.

Hamdi ya zo da jakarsa, yana ta sunkuyar da kai. Ya shiga ɗaki ya kama waya zai zare. Baba ya ce, "Me kake yi, ɗan Ni'imat?" Da sunan uwarsa ya kira shi. Hamdi ya ce, "Midhat ne ya ce, Baffa." Baba ya miƙe tsaye. Ya bi shi daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa ƙofa, har kan matakala, yana cewa, "Ka gaya wa mai aikenka ya zo da ƙafarsa ya cire!" Matan bene duk sun leƙo. Maƙwabciyarmu Ummu Sayyid ta rangaɗa guɗa, wai Rayyis ya tashi. Da ya dawo sai ya tsaya tsakiyar falo yana kallon kujerar Mama. Ya daɗe. Sannan ya koma ɗaki.

Yanzu ga babbar magana, kuma wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Likitan ya rubuta cewa bai taɓa sa fesikh a baki ba, kuma ba zai taɓa ba. Baba ya amsa masa da dogon bayani, a ƙarshe ya rufe kamar yadda kowane ɗan unguwarmu ke rufe magana: "Ku zo ku ci a gidana ranar Shamun Nasim, dukanku, gida gidanku ne. Rayyis Galal, Anfushi, bayan masu ƙera kwalekwale, ku tambayi kowa."

Ka san irin tayin. Tayin mai kwalekwale ne: yana tsakiyar ruwa yana cin abinci, ya hango ka a gaɓa ya ɗaga hannu ya ce bismilla, ya san ba ka da hanyar isowa. Kai kuma ka dafa ƙirji ka ce Allah ya ƙara arziki, ka wuce. To, a allo ba a ganin ɗaga hannu, ba a jin sautin murya. Rubutu ne baƙi ƙirin, da adireshi a ƙasa. Kuma a zauren kowa da kowa ya sa shi, ya tafi Alƙahira, ya tafi Tanta, ya tafi Mansura.

Amsar farko daga Tanta ta zo: "Na karɓa. Zan zo in ga gubar da idona." Daga nan sai kamar an buɗe famfo. Abu Gamba zai zo da matarsa. Bint Bahari da ƙannenta. Wasu ɗalibai daga Alƙahira suna tambayar jirgin ƙasa na safe. Na daina ƙirgawa da muka wuce ashirin.

Na ce, "Baba, sun ɗauka da gaske fa."

Ya kalli gilashin kwamfutar. Ya ce, "Waɗannan ba su da iyaye ne? Ba a koya musu a ce a'a ba?"

Na ce, "To mu rubuta mu ce wasa ne."

Ya juyo ya harare ni. "Ni Galal in yi tayi in janye? A gaban Tanta?"

Midhat, ba a yi fesikh a gidan nan ba tun da Mama ta tafi. Ita kaɗai ta san awon gishirinta, a tafin hannunta yake. Ina tsoro kada abin ya lalace ya ji kunya a gaban mutane, ya koma gadon nan ya juya bango, wannan karon ba mai tayar da shi. Amma kuma zuciyata sai tsalle take yi. Ka ba ni shawara.

Suhair

*

Maskat, ƙarshen Maris 1996

Abla Suhair, ranki ya daɗe,

Muna lafiya, kuma ina sumbatar kanki. Wasiƙarki ta Janairu ta fito, ashe tana cikin motar direban ofishinmu, ƙarƙashin kujera. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Rasha ta same ni ina dariya hawaye na zuba. "Ya tsaya kan alewar garinsu"! Wannan ubanmu ne sak. Na yi miki rashin kunya, ki yafe mini.

Shawarata: ki roƙi Injiniya Wagdi ya goge saƙon a ɓoye, ya ce na'ura ce ta yi kuskure. In kuma ya ƙi gogewa, ki sayo fesikh wurin mai sayarwa na kirki ki zuba a gangar da Mama take yin nata a ciki, ba wanda zai sani. Kada ki bar Baba ya ciyar da likita kifin gwaji, Abla, sai mu shiga jarida.

Na so a ce ina nan in ga wannan rana. Gada ta kusa. Ki gaya masa ina nan tafe.

Midhat

*

Iskandariya, Afrilu 1996

Midhat, Midhat, Midhat!

Lafiya lau, ba wanda ya mutu, ba wanda ya je asibiti, ka kwantar da hankalinka ka zauna ka sha labari. Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe, kuma ban taɓa jin daɗi irin na jiya ba.

Ban bi shawararka ko ɗaya ba. Tun kafin ta iso Baba ya riga ya sa takalmi. Ranar da ya ce in miƙo masa hularsa za shi kasuwar kifi, na tsaya riƙe da ita kamar wawiya. Muka sauka tare. Masu kifi suka bar teburansu, "Rayyis! Rayyis Galal! Ina ka shige?" Shi kuwa ko gaisuwar kirki bai amsa ba, yana ta buɗe kunnen kifin buri yana cewa wannan na jiya ne, kada a raina masa hankali. Muka sayo kifin, muka shanya a saman soro, muka fito da gangar Mama. Warin ya kori kyanwoyin unguwa sannan ya dawo da su da 'yan uwansu.

Kan gishiri ya tsaya. Ya ɗebo a hannu ya zuba, ya sake ɗebowa, sai na ga hannun ya tsaya a sama. Ya ce, "Nata hannun ya fi nawa ƙanƙanta. Ban san ko nawa take zubawa ba." Ya sauka ya shiga allo, ya rubuta a gaban kowa cewa bai san awon ba. Ka san wa ya amsa? Likitan Tanta. Ya ce tun da an dage sai an ci guba, gara a ci wadda ba ta kisa, ya jero masa yawan gishiri da yadda za a toshe ganga. Baba ya ce, "Ji mai baƙin iyayi." Sannan ya bi abin da aka ce tiryan-tiryan.

Jiya tun da hantsi aka fara ƙwanƙwasa ƙofa, muna haurawa da baƙi saman soro. Abin dariya, ba wanda ya san sunan kowa! Mutum ya tsaya da gemunsa da tumbinsa ya ce, "Ni ne Abu Gamba," soro ya ɗauki ihu. Bint Bahari ashe ma'aikaciyar banki ce mai kunya, ko ido ba ta iya haɗawa da mutum. Ɗaliban Alƙahira sun zo da latas da ɗanyar albasa ɗauri-ɗauri. Wagdi yana ta zagayawa baki har kunne, wai yau ya ga allonsa da ƙafafu. Mun haura talatin. Baba yana tsaye bakin matakala cikin farar jallabiyar nan da na guge da Sallah, duk wanda ya hauro sai ya leƙa bayansa. Likita yake jira. Ya shirya masa maganganu tun mako guda.

Can sai ga wata 'yar tsohuwa ƙarama da sanda, gicciye a wuyanta, kwandon dafaffun ƙwai masu launi a hannu, tana hutawa a kowane hawa. Baba ya matsa ya ba ta hanya ya ce, "Sannu Madam, gidan wa kike nema?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ne mai cewa in tsaya kan alewa?"

Wallahi na ga bakin ubanmu ya buɗe ya kasa rufuwa. Dokta Afaf ce sunanta, ta shekara talatin da wani abu tana aikin asibiti kafin ta yi ritaya. Shekaranjiya suka yi Ista, ta shigo jirgin safe ita kaɗai. Baba ya ce, "Da na san mace ce..." Ta katse shi, "Da ka yi ƙarya ka ce na yi daidai. Gara da ba ka sani ba. Ina gubar?"

Kujeru sun ƙare, har bokitai an kifa an zauna. Na juya zan karɓo kujerar Ummu Sayyid, sai na nemi Baba na rasa. Jim kaɗan sai ga shi yana haurowa a hankali, rungume da kujerar Mama. Wadda ko ƙura sai da izini nake sharewa. Ya ajiye ta ya ce, "Zauna, Dokta." Na shige bayan tankin ruwa na yi kukana na ƙoshi.

Aka buɗe ganga. Dokta ta sa tabarau, ta tsaga kifi, ta duba namansa, ta shinshina. Ta matsa lemun tsami, ta zuba mai, ta naɗe da burodi da albasa ta kai baki. Ta tauna ta tauna. Baba ya ce, "To?" Ta ce, "Har yanzu ina nan kan bakana, ya kamata a hana shi. Miƙo min wancan mai ƙwan."

Soro ya kaure da tafi. Kuma Midhat, Baba ya zauna cikin mutane ya ci. Ya ci kifi guda cur, ya ƙara da rabi, yana ci yana musu, mai yana bin gemunsa. Ban ƙirga cokali ba jiya.

Ga tasa wasiƙar a ciki. Da yatsansa ya buga, Wagdi ya fitar masa a takarda. Ya hana ni karantawa. Surukin Usta Fathi zai kawo maka hannu da hannu, ba na son labarin direba.

Yayarka,
Suhair

*

Midhat,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ka gai da matarka da jikokina.

Yayarka ta ba ka labari, na sani, ta kuma ƙara gishiri. Gaskiyar ita ce ban yi nufin kowa ya zo ba. Tayi na yi irin namu na ruwa. Na ɗauka duk suna can gaɓa mai nisa. Ashe suna da ƙafafu.

Mutanen da ban taɓa gani ba sun ji tayin ƙarya sun hau jirgi sun zo. Kai kuma tun da muka binne mahaifiyarka kake ɗaga mini hannu daga nesa kana cewa ina nan tafe. Na san wannan sautin. A bakina ka koye shi.

Ba gada ce ta hana ka ba. Ba ka son ka shigo gidan ka tarar ba ta ciki. Ban ga laifinka ba, ni ma abin da ya hana ni fitowa falo ke nan, alhali taku kaɗan ne tsakanina da shi. Na fito. Da zafi, amma ba ya kisa.

Na ɓoye kifi biyu a ƙasan ganga, mafi ƙiba, Abu Gamba bai gan su ba. Dokta ta ce za su kai Babbar Sallah, ba za su wuce ta ba. Ban yarda da matar nan a kan komai ba, amma a kan wannan na yarda.

Wannan ba tayi ba ne. Kada ka dafa ƙirji ka ce mini Allah ya ƙara arziki. Ka zo.

Ubanka,
Galal